Haji Baharom da Gorar Awonsa

Ranar bikin 'yata, ina tsaye ina gaisawa da baƙi, Haji Baharom ya ja ni gefe kamar mai shirin gaya mini rasuwa. Ya ce ya zaga ya duba, kwanon tebur na uku yankan nama goma sha ɗaya ne, na tebur na biyar kuwa tara, ya kamata in yi wa mai girkin magana. To wannan shi ne mutumin. Ni kuwa Sulong ne, tela, shagona na bayan tashar mota, kuma shekara tara cur na yi ina buga ƙwallon lambu da shi kowace Laraba. Saboda haka kada wani ya zo yana ce mini bawan Allah ne mai gaskiya. Na san gaskiyar tasa, har tsawonta na sani.

An haife shi a wani ƙauye a hayin kogi, nan cikin jiharmu ta Perak, ubansa mai tatsar roba ne. Yana ɗan shekara tara, in ji shi, ya raka uban wurin sayarwa, ya ga mai saye ya tallafe sikeli da yatsan ƙafa don nauyi ya ragu. Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari, kuma kullum a wuri ɗaya yake yin shiru, ya kalli sama, yana jiran a ce Allah sarki. Da ya girma ya shiga ofishin duba awo da sikeli, ya yi shekara talatin da ɗaya yana yawo kasuwa-kasuwa da akwatin katako a bayan babur, cike da duwatsun awo na tagulla. Cin hanci dai bai taɓa ci ba, wannan ba zan yi masa ƙarya ba, ko barkono ɗaya bai taɓa karɓa ba. Amma je ka tambayi tsofaffin matan da ke sayar da busasshen kifi yadda fuskarsa ke haske in ya kama sikelin da ya kauce da nauyin ƙwayar gyaɗa. Sai ya ɗauke sikelin, ya rubuta takarda, ya hau babur yana fito.

Da ya yi ritaya aka sa shi a kwamitin masallacin unguwarsu. Wata biyu ya yi. Ya zo da igiya ya auna sahu, ya ce na huɗu ya karkace, sannan ya kai wa liman takarda cewa huɗubar Juma'a ta zarce da minti bakwai. Ba su kore shi ba, sun dai daina gaya masa ranar taro. Matarsa Hajiya Zaiton, Allah ya jiƙanta, ta rasu shekara huɗu da suka wuce, bayan ta yi shekara arba'in ana auna mata shinkafa da gwangwani. 'Ya'yansa biyu suna Kuala Lumpur, sai da sallah suke zuwa, su kwana ɗaya su gudu. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, safiyar Laraba.

Filin namu tsoho ne, rami tara, Turawan kuza suka bari tsakanin tafki da gonar kwakwa. Ƙarfe bakwai na safiyar Laraba namu ne mu tsofaffi, tun zamanin wani manaja da ya tausaya wa 'yan fansho. Mutum huɗu, ba ƙari. Sauran ranaku na masu hali ne da samarin banki, kuma duk cikinsu babu ƙungiyar da za ta yarda Haji ya bi ta ko da riƙon lema ne, don ya riga ya yi faɗa da kowa. Mu huɗun kuwa, shi ne, da ni, da Likita Selvarajoo wanda ya ƙare rayuwarsa yana yi wa shanu allura, sai Malam Nordin, tsohon hedimasta mai asma, wanda kunnensa ɗaya ya mutu. Wannan mataccen kunnen yake juya wa Haji.

Wasan kansa yaro ma zai gane shi kafin shayi ya huce. Ka maka wa ƙwallo sanda daga nesa har ta hau shimfiɗar lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sannan ka tura ta a hankali ta faɗa, wanda ya fi ƙarancin bugu ya ci. Shi ke nan fa! Amma Haji sai da ya yi masa doka arba'in da ɗaya, a cikin wani baƙin littafi da yake ɗaurewa da roba, kuma kowace doka in ka bi asalinta, ranar da aka cinye shi aka haife ta. Ranar da Malam Nordin ya yi tari Haji na shirin bugu, ƙwallo ta faɗa tafki, aka samu doka ta tara: wanda ya yi tari an ƙara masa bugu ɗaya. Mai asma fa, jama'a! Ranar da biri ya sauko ya ɗauki ƙwallon Likita ya yar da ita dab da tutar da ke kafe a rami, aka samu ta goma sha biyu, cewa aikin biri ba ya cikin lissafi. Bayan wata uku birin ya yi wa Haji irin wannan alheri, sai ga ta goma sha uku, wai in birin ya yar da ita don kansa, ba korarsa aka yi ba, to ƙaddara ce, a buga daga nan.

Akwai kuma 'yan wasannin gefe, waɗanda ba shi ya ƙirƙiro ba, ya dai zo ya lalata. Ba ma sa kuɗi, ciki muke sawa. In ƙwallonka ta bugi bishiyar kwakwa ta dawo fili kuma ka ci ramin, kana da ruwan kwakwa a rumfar abinci. In ka fito daga kwarin yashi ka jefa da turi ɗaya, za a ɗora maka soyayyen ƙwai a kan shinkafa. Haji ya taɓa tsayar da mu minti ashirin a cikin rana yana gardamar cewa bishiyar da Likita ya buga ba kwakwar sha ba ce, kwakwar manja ce.

"Haji, don Allah bar shi," in ji Likita. "Na fasa shan ruwan. Kai ma zan saya maka."

"Ba maganar ruwa ba ce, maganar tsari ce."

Babban wasan shi ne Maciji. Wani koren macijin roba ne na wasan yara, idonsa ɗaya ya fita. Duk wanda ya tura ƙwallo sau uku a kan shimfiɗa kafin ta faɗa rami, an rataya masa shi a jakar sanduna, yana nan har sai wani ya yi irin wannan abin kunya ya karɓa. Wanda aka tashi maciji na jakarsa shi zai sayi karin kumallon kowa, shinkafar kwakwa da shayin madara, ya kuma tafi da abinsa gida har mako mai zuwa.

To mutanen kirki, in ƙwallon abokinsu ta tsaya dab da rami, cewa suke yi, "Ɗauki abarka, mun yafe," a ƙirga masa turi ɗaya a wuce. Haji ya ce yafiya ba awo ba ce. Ya yanko gora, ya ce ƙafa biyu ce cif, inci ashirin da huɗu, ya sa mata hular tagulla kai da gindi, ya buga mata tsohon hatiminsa na ofis. A ɗora kanta a bakin rami. In gindinta ya taɓa ƙwallo an yafe maka, in bai taɓa ba, ko da kaurin gashi ne, sai ka tura. Doka ta ɗaya ke nan. Shi ke ajiye gorar, shi ke auna wa kowa, in kuma tasa ƙwallon ce sai ya miƙa wa wani.

Kafin ni, gurbin da nake ciki na Gurdial Singh ne. Tsohon direban jirgin ƙasa, ƙato, rawaninsa kullum shuɗi, in ya yi dariya a rami na biyu ana ji a na bakwai. Bugun nesa babu kamarsa, amma in ƙwallo ta zo kusa da rami, hannun nan nasa na jan birki bai iya lallashi ba. Shi ya raɗa wa Haji suna Sikeli, kuma a gaban mutane yake kiransa da shi. Wata rana ya ɗora kofin shayi a kan baƙin littafin, tabon na nan har yau a bangon. Bayan mako biyu Haji ya kawo doka ta goma sha bakwai: wanda ya tafi gida da maciji Laraba huɗu a jere ya bar gurbinsa, na farko a takardar jira ya shigo, shi kuma ya koma ƙarshen layi. Suka yi dariya suka sa hannu, don wa zai yi huɗu a jere? Na farko a takardar jiran kuwa ni ne, shekarata biyu ina jira.

Da damina ta zo, ciyawa ta yi nauyi, Gurdial ya yi uku a jere. A Laraba ta huɗu, a rami na ƙarshe, ƙwallonsa ta tsaya kusa, Haji ya durƙusa ya ɗora gora. Likita ne ya ba ni labarin, ya ce abin da ya rage ta taɓa bai fi rabin inci ba. Gurdial ya tura yana dariya, ta zagaye bakin ramin ta fito.

"To Sikeli, yau ma shinkafa a kaina," in ji shi.

Haji ya kwance robar littafi, ya karanta masa doka ta goma sha bakwai daga farko har ƙarshe, har da ranar da aka sa hannu.

"Kai, wai da gaske kake?"

"Ga sa hannunka nan."

Gurdial ya kalli Likita, ya kalli Malam Nordin, su kuwa suka kalli takalmansu. Ya sayi shinkafar, ya ci tasa, ya rubuta sunansa a takardar jira ya tafi. Haji ya ƙara wata doka cewa mai jira sai ya zo ya sabunta sunansa duk farkon shekara, yana zaton Gurdial zai gaji. Shekara tara, duk ranar biyu ga Janairu, sai ka ga shuɗin rawani a ofishin manaja.

A makona na uku da shiga, Haji ya zo shagona da gorar. Wai in ɗinka mata kube na karammiski, kore, mai igiya a baki, don raɓa na ɓata tagullar. Ka ji fa, gora da riga! Na ce to. Da ya tafi ban ko auna ba, ƙafa biyu ai ƙafa biyu ce, na yanka ƙyalle na ɗinka. Na zura gora, sai kube ya yi saura. Ni fa shekara arba'in ina yanka, ban taɓa yin saura a abin da aka gaya mini tsawonsa ba. Na zaro tef daga wuya na auna. Inci ashirin da uku. Na ɗauko tef na biyu, na ɗauko rular ƙarfe, duk bakinsu ɗaya. Na murɗa hular gindin ta fita, sai ga yankan zarto sabo fil, gorar fara tas a wurin, alhali ɗaya kan ya yi baƙi don tsufa.

Rabin inci ya kori Gurdial, ga kuma inci guda an sare. Na zauna a kujerar keken ɗinki ina ta kallon abin nan. Me na yi? Na rage kuben da inci ɗaya. Gurbin da na yi shekara biyu ina jira, na sayi sanduna, na ɗinka wa kaina wando mai aljihun ƙwallo, in je in ce a mayar wa mai shi? Ban iya ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na daɗe ina kokawa da zuciyata ba. Da Haji ya zo karɓa ya zura gorar, ya ga kube ya zauna mata cif, ya ɗago ya dube ni. Mai awo ne, ya san telan da ya ɗinka wannan ya auna.

"Aiki ya yi kyau, Tela."

"Ai gorar ce mai kyau, Haji."

Tun daga ranar bai taɓa ƙara mini bugun tari ba, ni kuma ban ƙara son ganin fuskarsa ba.

Bara, bayan damina, hannunsa na dama ya fara rawa. A rumfar abinci muka fara gani, shayi na zuba a faranti, sai ya koma sha da hagu yana cusa daman a aljihu. Likita ya ce masa a hankali ya je asibiti a duba hannun. Ya ce, "Saniya ka ɗauke ni?" Bugun nesa bai canza ba, don da ƙarfi ake yinsa. Amma in ya sunkuya a kan ƙwallon da ke taku ɗaya daga rami, sai sandar ta yi ta kaɗawa, can ta zabura ta doki ƙwallo ta wuce. Ya tafi gida da maciji, mako ya zagayo ya sake tafiya da shi. A Laraba ta uku, muna cin shinkafar da ya saya, ya buɗe littafi ya yi gyaran murya.

"Ina da shawara. Doka ta arba'in da biyu. Wanda ya haura saba'in, doka ta goma sha bakwai ba ta hau kansa ba."

"Shekararka nawa, Haji?" na ce.

"Ba wannan ake magana ba."

"Saba'in da ɗaya ko? To buɗe doka ta ashirin ka karanta mana. Ba a sabuwar doka sai da sanarwar wata guda a rubuce. Kai ka rubuta ta da hannunka, ranar da Malam ya roƙi a sassauta masa ta tari."

Malam Nordin, wanda ya yi shekara tara ba ya jin komai, ya ce, "Haka ne, ina tunawa."

Likita ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Bayan Haji ya tashi ya ce mini, "Haba Tela, ba ka da tausayi? In ya rasa Larabar nan me zai tashi ya yi? Mutumin nan fa tun Talata da la'asar yake goge takalmi." Na ce shi ya jiyo, Gurdial ma yana da takalmi. Kuma ranar Asabar, da Gurdial ya kawo wando a buɗa masa ƙugu, na gaya masa Haji ya yi uku, shi kuwa layi ya riga ya zagayo, shi ne na farko a takardar jira. Ni na gaya masa, ba na ɓoyewa.

Laraba ta huɗu Haji ya iso shida da rabi kamar kullum, riga ta sha guga, bai gaida kowa ba. Tun a rami na biyu ya yi turi uku, maciji ya zauna a jakarsa, ya bi shi har na bakwai. A na takwas Likita ya tura ƙwallo kamar mai korar akuya, ta wuce ramin da taku biyar, ya dawo da ita ta sake wucewa. Ko makaho ya san da gangan ya yi, kuma akwai doka ta talatin a kan wanda ya ɓata bugu da gangan. Haji, mutumin da ke jiyo tari daga taku hamsin, sai ya juya yana kallon tafki. Tir! Maciji ya koma jakar Likita, saura rami ɗaya.

Rami na tara a gaban rumfar abinci yake. Muna hawowa sai ga shuɗin rawani a benci, da kofin shayi a hannu.

"Sannu da aiki, Sikeli! Kada ka damu da ni, iska na fito sha."

Dukanmu muka hau shimfiɗa, ƙwallon Haji ta fi kusa da rami, taku huɗu. Doka ta takwas kuwa, tasa ce ita ma, ta ce na nesa ya fara, ya gama gaba ɗaya kafin na kusa ya taɓa tasa. Malam ya gama, Likita ya gama, na gama. Wato babu wani a bayan Haji da zai ƙara ɗauke masa maciji. In ya faɗa da biyu ya tsira, in ya yi uku ya tafi.

Ya tura ta farko. Gaskiya ta tafi da kyau, ta gangara ta gangara, ta tsaya kusa. Na ji ya sauke numfashi. Ya zaro gora daga kuben da na ɗinka ya miƙo mini. Na durƙusa, na ɗora kanta a bakin rami, na kwantar da ita. Tsakanin hular gindi da ƙwallo akwai 'yar tazara, ciyawa biyu uku. Rabin inci ne, ba sai an gaya wa tela ba.

"Ba ta taɓa ba, Haji."

"Haba, ta taɓa mana!" in ji Likita. "Ɗauki abarka, Haji, mun yafe. Malam, ba mun yafe ba?"

Malam ya juyo masa mataccen kunne. Gurdial ya taso da kofinsa, ya sunkuya, ya daɗe yana duba.

"Kai, na san wannan tazarar," ya ce. "Sikeli, tuna mini, me doka ta ɗaya ta ce? Na daɗe ban ji ta ba."

A nan ne na sa hannu a aljihu na zaro tef.

"Haji, gora fa ice ce, tana iya ƙanƙancewa da tsufa. Doka kuwa inci ashirin da huɗu ta ce. Ga tef. In shimfiɗa shi kusa da gorar in auna daga rami zuwa ƙwallo? In ta shiga ashirin da huɗu ai an yafe maka, gurbinka na nan."

Ashirin da uku da rabi ne. Na sani, ya sani. Kalma ɗaya zai faɗa, ya ce auna, Larabarsa ta dawo masa. Amma tef zai kwanta a gefen gora a gaban Gurdial, kowa ya ga incin da ya ɓace, wani ya murɗa hular tagulla, shi ke nan labarin yatsan ƙafa a ƙarƙashin sikeli ya ƙare, da shi da shekara talatin da ɗaya na ban taɓa cin hanci ba. In ka tambaye ni taimako na yi nufi ko mugunta, zan ce maka muguntar ta fi yawa. So nake in ga wanne zai zaɓa.

Ya tsaya. Hannun na rawa har sandar na ƙwanƙwasa takalminsa. Ya kalli tef, ya kalli Gurdial, ya kalli rumfa inda aka riga aka jera mana kujeru huɗu.

"Mayar da tef ɗinka, Tela," ya ce. "Gorar daidai take. Ni na auna ta."

Na ɗauke gora na ja baya. Ya sunkuya a kan ƙwallon, ya daɗe, ya daɗe har wuyana ya gaji. Sandar ta zabura. Ko bakin ramin ƙwallon ba ta taɓa ba, ta wuce ta hagu ta tsaya can. Malam Nordin ya saki tarin da ya riƙe tun ɗazu.

Likita ya ƙi kwance macijin, ya riƙe jakarsa yana cewa a bar maganar nan, wasa ne fa, wasa. Haji ya je da kansa ya kwance, da hagu, ya rataya a tasa. Sannan ya kwance robar littafi ya karanta wa kansa doka ta goma sha bakwai da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, mu muna tsaye a rana. Har korar kansa sai da ya mayar da ita taro. Ya sayi shinkafa faranti biyar, ya tabbatar ba a sa wa kowa ƙwan da bai ci ba, ya shiga ofishin manaja ya rubuta sunansa a takardar jira.

Da Laraba ta zagayo, shida da rabi, sai ga shi, takalmi ya sha gogewa. Ya kawo littafi da maciji da gora ya ajiye wa Gurdial a tebur. Gurdial ya zare gorar daga kube, ya jujjuya ta, ya shafa hular gindin da babban yatsa, sannan ya dube ni.

"Tela, kai da ka ɗinka mata riga ai ka auna ta. Nawa ce?"

Haji na tsaye a bayansa, hannu a aljihu, ƙafar wandon na karkarwa. In na ce ashirin da uku na gama da shi, tambaya ta gaba kuma ita ce tun yaushe na sani.

"Ashirin da huɗu," na ce. "Cif."

Gurdial ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To madalla," ya mayar da ita kube. Haji kuwa ya dube ni da idon godiya, har da ƙwalla. Wallahi duk abin da mutumin nan ya yi mini a shekara tara babu wanda ya ƙona mini rai kamar wannan kallon, don ya ɗauka shi na rufa wa asiri.

Har yanzu yana zuwa duk Laraba, da takalmin wasa, ya zauna a bencin da ke gaban rami na tara tun kafin mu fara har mu gama. Ranar biyu ga Janairu ya je ya sabunta sunansa. Littafin dai Gurdial ya jefa shi a but ɗin mota, kowa na tarinsa yadda ya ga dama, amma ya ce doka biyu suna nan daram, ta ɗaya da ta goma sha bakwai, kuma da gorar nan za a ci gaba da awo. Makon jiya ta hana ni da rabin inci a rami na ƙarshe. Gurdial na tsaye a kaina, Haji na leƙowa daga benci, tef na aljihuna. Na tura, ta ƙi, na rataya macijin. Na biyu ke nan a jere.